Hasken da ake sassaƙowa daga cikin duhu

Tun daga firamare hanya ɗaya aka koya mana ta yin zane. A ba ka farar takarda da fensir, a ce zana kofi ko bishiyar mangwaro. Takardar ita ce haske, kai kuma aikinka ka ɗora mata baƙi. Da wannan fahimta muka gama sakandare, da ita kuma muka shiga sashen koyon zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mu biyu daga ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, ɗaya daga Matsinkai, ɗaya daga wani ƙauye kusa da Illo. A shekararmu ta biyu muka haɗu da wani fanni da ya juya mana wannan tsari baibai. Ana kiransa bugun zane, kuma labarinsa muke so mu ba ƙannenmu masu karanta wannan shafi.

Ga yadda ake yin sa a hanya mafi sauƙi. Za ka samu allon katako mai santsi, ko wata roba mai kauri da ake kira lino, ka shafe fuskarta da baƙi gaba ɗaya. Daga nan sai ka ɗauki ƙaramar wuƙar sassaƙa ka fara cire wasu wurare. In ka gama, ka shafa tawada da rola, ka ɗora takarda, ka danne da inji ko ka goga da bayan cokali, sannan ka ɗaga takardar a hankali. Duk inda wuƙa ta cire, tawada ba ta kai gare shi, sai ya fito fari. Duk inda ka bari ya fito baƙi. Wato dai kana farawa ne da dare, kuma duk wani haske da za a gani a takardar, hannunka ne ya sassaƙo shi.

Aikin yana da sharuɗɗa biyu masu tsauri. Na farko, komai yana fitowa a juye kamar a madubi. Abin da ka sa a dama zai koma hagu. Na biyu, fensir yana da abin gogewa, wuƙa ba ta da shi. In ka cire wuri ya tafi ke nan, ba yadda za ka maido masa da duhunsa. Shi ya sa malamanmu ke yawan cewa mu yi rowar haske, mu riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan kamar gishiri a miya.

Da muka fara aikin sai muka lura ashe ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai sassaƙa hatimi a bakin tasha ya ga bugun zane. Mutumin nan yana riƙe da reza da guntun roba, yana yanka haruffa a juye ba tare da ya duba madubi ba. Mu 'yan bakin iyaka kuwa ba sai an faɗa mana ƙarfin hatimi ba. Tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin, ɗan da'irar tawada a jikin takarda shi ke raba kayan da za su wuce da waɗanda za su kwana a hanya. Haka nan ƙwaryar nonon da Fulani ke kawowa kasuwa, wadda aka ƙona bayanta da ƙarfe mai zafi aka fitar da fararen layuka tsakanin baƙi. Mai wannan aiki da mu tunani ɗaya muke yi, wato me za a cire, me za a bari. Ko atamfar da ake shigowa da ita daga Kwatano bugawa aka yi, kuma iyayenmu mata suna karanta zanenta har su raɗa masa suna.

Akwai wani ilimi kuma da muka zo da shi daga gida ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne sanin duhu. Ga wanda ya tashi inda wutar lantarki baƙuwa ce, duhu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na damina, lokacin da hadari ya rufe taurari, ko tafin hannunka ba ka gani. Akwai na farin wata, wanda kake gane mutum daga tafiyarsa kafin ya yi sallama. Akwai duhun zaure da tsakar rana, da na cikin rumbu, da na asubar hunturu a bakin Kwara wanda hazo ke mayarwa toka-toka. Mun san yadda aci-balbal ke ɗaukar inuwar tsohuwa mai tuƙin tuwo ta manna ta a bango, muciyar ta yi tsawo har ta taɓa rufi. Ba yabon rashin wuta muke yi ba. Mun yi karatun jarrabawa da tocila har idanu suka yi ja, kuma muna so a kawo mana wuta kamar kowa. Amma tunda an riga an sha wahalar, abin da ta koya mana namu ne. A aji, in aka ce a fito da baƙi kala uku a allo ɗaya, wasu sai sun nemi hoto a waya. Mu tunawa kawai muke yi.

Turawa ma sun daɗe suna neman wannan baƙin. A shekarar 1642 wani sojan Jamus mai suna Ludwig von Siegen ya faro wata hanya da ake kira mezotin, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka inganta ta. Ana ɗaukar farantin jan ƙarfe a bi fuskarsa duka da wani ƙarfe mai ƙananan haƙora, har ya yi kaushi ko'ina. In aka buga shi a haka, baƙi ƙirin zai fito, mai laushi kamar kwalli. Sai mai aikin ya riƙa kankare wasu wurare yana goge su. Inda ya goge kaɗan ya fito toka-toka, inda ya goge sosai ya fito fari tas. Shirya farantin kaɗai yana iya cin kwanaki. Mutum ya yi kwanaki yana gina dare, kafin ya samu damar kunna fitila ɗaya a cikinsa.

To me ya haɗa wannan aiki da mafarki? Ku tambayi duk wanda ya farka daga mafarki. Zai ce muku ya ga fuskar wance, ko ya ga ruwa yana shigowa ta ƙofa, amma ba zai iya faɗa muku launin bangon ɗakin ba. Mafarki yana haska abu ɗaya ko biyu ne, ya bar saura a duhu, kuma haka bugun zane yake. Sannan a mafarki abu yakan tsaya a madadin wani abu. Kowannenmu ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da mafarkin sarkin Masar, inda shanu masu ƙiba da ramammu suka tsaya a madadin shekarun wadata da na fari. Har gobe in tsohuwa ta yi mafarkin da ya dame ta, ba ta tsayawa kan abin da ta gani, sai ta nemi wanda zai faɗa mata abin da yake nufi. Tatsuniya ma haka take, kuma ba banza ba aka ware mata dare. Yaro ya san Gizo ba gizo-gizon saƙa kaɗai ba ne, ya kuma san akwai mutanen gari a cikin Kura.

Mai zanen da ya fi nuna mana amfanin wannan shi ne Francisco Goya na ƙasar Sifaniya. Mai zanen fadar sarki ne, wanda wata rashin lafiya ta kurumtar da shi. A shekarar 1799 ya fitar da jerin bugun zane guda 80 mai suna Los Caprichos. A ciki akwai jaki yana koyar da ɗan jaki karatu, akwai jaki a matsayin likita yana riƙe da hannun majiyyaci, akwai talakawa biyu sun goya jakuna a bayansu. Wanda ya fi shahara shi ne na wani mutum da ya kifa kai a tebur yana barci, mujiyoyi da jemagu suna tasowa daga duhun bayansa. Goya bai kama sunan kowa ba, amma mutanen Madrid sun gane da wa ake. Ba a daɗe ba ya janye zanen daga kasuwa. Wani jerin da ya yi kan ta'asar yaƙi kuwa bai ga hasken rana ba sai 1863, shekara 35 bayan mutuwarsa. Abin da muka ɗauka daga gare shi shi ne, akwai maganar da in ka faɗe ta kai tsaye za a toshe kunne ko a toshe maka baki, amma in ta zo da kayan mafarki sai a tsaya a duba.

Ba sai mun je Turai ba ma. A shekarar 1957 wani saurayi ɗan ƙabilar Urhobo mai suna Bruce Onobrakpeya, haifaffen Agbarha-Otor a Jihar Delta ta yau, ya zo Zariya karatun zane a kwalejin da daga baya ta zama jami'armu a 1962. A 1958 shi da abokan karatunsa, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane da aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Tawayen nasu bai wuce cewa za su koyi dabarun Bature, amma abin da za su zana sai sun ɗebo shi daga gidajensu ba. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyi da almarar mutanensa, ya cika ayyukansa da dabbobi da ruhohi da siffofin da ke narkewa cikin juna. Shi ya yi zanen cikin littafin Cyprian Ekwensi na 1962, An African Night's Entertainment, wanda masana suka daɗe suna nuna kamarsa da Jiki Magayi namu na Hausa.

A 1967 ruwan asid ya ɓata masa wani faranti da yake aiki a kai. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite ya buga, ya ga takardar ta fito da tudu da kwari irin waɗanda bai taɓa gani ba. Daga nan ya gina wata sabuwar hanya tasa, wadda haske ke sauka a kan tudun takardar ya jefa ƙaramar inuwa ta gaske a gefensa. Tsakanin 1985 da 1988 ya yi jerin ayyuka mai suna Sahelian Masquerades, kan mutanen Sahel da fari da gurgusowar hamada, wato kan yankinmu ke nan. Tun 1998 kuma ake gudanar da taron koyar da zane da ya kafa a garinsu, wanda ya sa wa sunan hunturu. Ayyukansa suna rataye a Legas da Turai da Amurka, amma mu sai da muka shiga jami'a muka fara jin sunansa. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Da aka ba mu aikin ƙarshen zango, aka ce kowa ya buga wani abu daga rayuwarsa, sai muka ga babu abin da ya fi damunmu kamar shekaru biyu da muka gani muna yara. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Masu tsara dokar suna da hujjojinsu kan shinkafar waje da fasa-ƙwauri. A garuruwanmu kuwa abin da aka gani shi ne 'yan uwa biyu, ɗaya a wannan ƙetare ɗaya a wancan, ziyara ta zama abin ɓoyo, janareto ya yi shiru, kasuwa ta rame. Shekara na zagayowa, a daminar 2020, ambaliya ta shafe gonakin shinkafa a faɗin Jihar Kebbi, har da namu na bakin Kwara. Jaridu sun ba da labarin da lissafin kadada da tan. Lissafin gaskiya ne, sai dai bai ɗauko yadda gida ke yin tsit da dare in uba ya dawo daga gona bai ce komai ba.

Ɗayanmu ya sassaƙa jerin manyan motoci tsaye a hanya cikin dare. Maimakon tayoyi, saiwoyi ne suka fito musu suka shiga ƙasa, kamar sun daɗe har sun zama itatuwa. A sama inda wata ya kamata ya kasance, hatimi ne zagayayye. Da gangan ya yanka haruffansa daidai a jikin allon, don su fito a juye a takarda, babu mai iya karanta su. Hasken hatimin nan kaɗai ke sauka a kan rufin motocin. Ɗayan kuma ya yi gonar shinkafa a ƙarƙashin ruwa, kifaye suna yawo tsakanin zangarnu, wata mata tana tsaye a tsakiya da faifai tana sheƙe ruwa. Bai cire komai daga allon ba sai gefen faifan, da idanun kifayen, da ƙwayoyin shinkafa da ke tashi sama suna komawa taurari. Kusan kashi tara cikin goma na takardar baƙi ne.

Da hutu muka kai su gida, gabanmu na faɗuwa, domin a Zariya malami ne zai ba ka maki, a gida kuwa masu abin ne za su duba. Wata kakarmu da ba ta taɓa shiga aji ba ta karɓi na ambaliyar, ta matsa da shi kusa da fitila, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Wagga ai shekarad da Kwara tac ci shinkahwa ta." Babu wanda ya yi mata bayani. Ta ɗora yatsa a kan matar mai faifai ta kira sunan wata maƙwabciyarta da ta rasu bayan ambaliyar, alhali wanda ya yi zanen bai sa wa matar fuska ba. Da an zana fuska, da mace ɗaya ce. Da aka bar ta a inuwa, sai kowa ya sa tasa. A daren nan mun ji labaran wannan shekara da ba a taɓa ba mu ba, har da na buhunan bashi da aka ci da sunan girbin da bai zo ba.

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wani kawunmu ya juya takardar gaba da baya ya ce, "To 'ya'yana, wai mi kuka koyo can Zariya? Wanga shi za a ci?" Tambaya ce ta gaskiya, daga mutumin da ya sayar da raguna aka biya kuɗin makaranta. Mun ce masa, "Kawu, da wannan hannun ake buga riguna da alluna da bangon littafi, ana kuma koyarwa da shi." Ya gyaɗa kai, amma mun ga bai cika yarda ba, mu ma kuma mun san hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Akwai tambaya ta biyu da ake yi mana, kan zanen abu mai rai. Wannan hurumin malamai ne, kuma kowa ya nemi bayani wurin malaminsa. Abin da za mu iya shaida shi ne, a ajinmu akwai waɗanda ba sa zana mutum ko dabba sam. Da dagi da zayyanar allo da ƙofar zaure da inuwar bishiya suke aiki, kuma ayyukansu suna daga cikin waɗanda aka fi tsayawa a gabansu.

Wani abin da ya ƙara sa mu riƙe wannan fanni shi ne arharsa. Zanen fenti guda ɗaya ne, mai kuɗi ya saya ya kulle a falonsa. Allon bugu kuwa zai ba ka hamsin, kowanne na asali. Na ambaliyar nan yanzu akwai ɗaya a ɗakin kaka, ɗaya a shagon wani tela, ɗaya ya haye iyaka wurin 'yan uwanmu na Benin, waɗanda Faransanci suka yi a makaranta amma ba su buƙaci tafinta ba. Garuruwa irin namu ba a cika jin sunansu ba sai in wani abu ya lalace, kuma wasu ne ke zuwa su ɗauki hotonmu su tafi. In ba mu muka nuna yadda abin yake daga ciki ba, hoton baƙo ne zai zama tarihinmu.

Ga ƙannenmu na sakandare da ke son gwadawa, ba ku buƙatar jiran jami'a. Ku samu tsohon silifas mai lafiyayyen ƙasa, ku wanke shi, ku yanko daidai tafin hannu. Ku shafe shi da baƙar tawada ya bushe. Reza sabuwa ta isa, amma ku naɗe gefe ɗaya da tsumma, kuma kullum ku riƙa yanka kuna nesanta bakinta daga yatsunku. Tawadar hatimi da ake sayarwa a shagon littattafai za ta yi, takarda kuma ko ta tsakiyar littafin rubutu. Kafin ku fara yanka, ku tuna wani mafarki da ya ƙi barin ku, ko wani dare da ba ku manta ba, ku tambayi kanku daga ina hasken yake zuwa, kuma a kan me ya sauka. Wannan wurin kaɗai za ku cire. Ku buga, ku duba, in bai isa ba ku ƙara kaɗan. In kun samu wanda ya yi muku, ku buga biyu, ku kai wa mafi tsufa a gidanku ɗaya, ku zauna ku ji abin da zai gani a ciki.